Yadda Muka Kafa Rumfar Shaƙatawa Mai Kusurwa Takwas

Abin da muka kafa a bayan gida ba ɗaki ba ne, ba kuma baranda ba ce. Rumfa ce mai tsayuwa da ƙafafunta a tsakiyar fili, ba ta jingina da kowane bango: ginshiƙai takwas, rufi mai tsini a sama, daɓe a ƙasa, kowane gefe a buɗe. Ita ce ake kira gazibo. Wanda ya taɓa shiga lambun shaƙatawa ko harabar otal ya ga wata 'yar rumfa mai kusurwoyi, da benci a ciki mutane suna shan iska, to ya gan ta. Tana da 'yar'uwa da ake yawan rikita su, wato fagola, wadda ake jera wa katakai a sama da tazara a tsakani don tsirrai masu yaɗo su hau. Fagola tace rana kawai take yi, ruwa kuwa ratsa ta yake ya wuce. Ita gazibo rufinta a toshe yake, kuma wannan rufin shi ne amfaninta, shi ne kuma abin da ya fi ba mai ginin ta ciwon kai.

Bukatata mai sauƙi ce. Ina son wurin zama a waje wanda rana ba za ta kore ni ba, yayyafi ma ba zai kore ni ba. Amma ban fara da kiran kafinta ba. Na fara ne da aron irin rumfar nan ta tanti mai naɗewa, mai faɗin mita 3 a kowane gefe, wadda masu baje kolin kaya da masu taro ke kafawa cikin 'yan mintoci. Ita ma gazibo ake ce mata, sai dai ta tafi-da-gidanka ce: ƙafafu huɗu na ƙarfe mara nauyi, da yadin roba a sama. Mutum biyu sun isa su buɗe ta. Na riƙa yawo da ita a filin, wannan makon tana nan, wancan makon tana can, ina zama a ƙarƙashinta safe da rana da yamma. Shawara ɗaya ce da zan ba duk mai niyya kafin ya zuba siminti ko cokali ɗaya, domin rumfar tanti ana ɗaga ta a sauya mata wuri, ta kankare kuwa inda ka dasa ta nan za ta tsufa.

Tantin ya koya mini abin da takarda ba za ta koya mini ba. Rufi yana ba da inuwa ne lokacin da rana take sama. Da zarar ta karkata yamma, haskenta shigowa yake ta ƙasan rufin ya gasa maka fuska, inuwar kuma ta gudu can gabas ta kwanta a kan ciyawa inda babu kowa. Wurin da na fi so da farko, tsakiyar fili, shi ya fi kowane muni daga la'asar zuwa faɗuwar rana, kuma lokacin ne mutum ya fi son zama a waje. Gefen da ya dace shi ne wanda ke da itace ko katanga a yammacinsa. Sai dai shi ma itacen ba a shige masa can ƙarƙashi, saboda saiwoyinsa za su ɗaga daɓe, ganyensa ya cika rufi, reshensa kuma wata rana ya faɗo. Na kuma jira aka yi ruwa mai ƙarfi na fita da takalmin roba na duba inda ruwa ke kwanciya. Akwai wani kwari a kusurwar filin da ido ba ya gani sai ruwa ya nuna shi.

Sannan akwai maganar nisa, wadda uwargida ce ta fara lura da ita. Ranar da na kai tantin can ƙarshen fili, ta ce, "Maigida, wa zai riƙa ɗauko kaya ya kai can, ya kuma dawo da su?" Gaskiyarta. Rumfar da take nesa da ƙofa kyan kallo kawai take yi daga taga. Muka tsaya a wurin da bai wuce 'yan taku daga ƙofar baya ba, amma ya yi nesa da bango yadda iska za ta zagaya.

Wani darasin tantin ya zo ne ranar da iska ta taso. Na ɗaure wa kowace ƙafa buhun yashi kamar yadda ake yi, duk da haka ina kallo ƙafafun suna neman barin ƙasa. Iska ba tura rumfa take yi ta faɗi ba, shiga take ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama, kamar laimar da aka buɗe cikin guguwa. Ɗaki yana da bango da ke tare iska, yana da nauyin bulo da ke danne shi. Rumfa ba ta da ko ɗaya. Daga ranar na san cewa duk aikin da za mu yi, rabinsa na riƙe rufi ne kada ya faɗo, rabinsa na riƙe shi kada ya tashi.

Kafin haƙa, na nemi sanin abin da hukumar tsara gine-gine ta tanada, domin kowace ƙasa da dokarta. A Ingila, misali, ƙaramin gini na bayan gida da ke tsakanin mita 2 da iyakar maƙwabci bai kamata tsayinsa ya wuce mita 2.5 ba idan ana son yin sa ba tare da neman izini na musamman ba. A wasu wuraren girman daɓen ake dubawa, a wasu kuma nisan rumfar daga katanga. Na kuma binciki inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi a ƙarƙashin ƙasa. Maƙwabcina ma na gaya masa, tunda tsinin rufin zai leƙo ta saman katangarsa.

Kafintan da na samu dattijo ne, mai ƙarancin magana, mai yawan kallo. Ya zagaya wurin, ya saurare ni, sannan ya ce, "Yallaɓai, me ya hana mu yi mai kusurwa huɗu? Katako ba zai ɓaci ba, kwano ba zai ɓaci ba, kuma teburinka zai zauna daram." Na san gaskiya ya faɗa. Mai kusurwa huɗu ta fi sauƙi, ta fi araha, kuma babu lungun da ke tafiya a banza. Mai kusurwa shida ita ce ta tsakiya, tana ma da wani sauƙi na lissafi: tsawon kowane gefe daidai yake da nisan cibiya zuwa kusurwa, don haka da igiya ɗaya da turke za ka zana ta. Mai takwas ita ce mai wahala. Kowace kusurwarta digiri 135 ce, wato kowane bakin katako sai an yanka shi a karkace digiri 22.5, kuma ɗan kuskuren da aka yi a yanka ɗaya zai ninku har sau 16 kafin a zagayo.

Na ce masa, "Baba, takwas nake so."

Ya ce, "To, Allah ya ba mu sa'a. Amma ba za ka hanzarta ni ba."

Dalilina ba ƙawa kawai ba ne. Mai kusurwa takwas ita ce ta fi kusa da da'ira a cikin siffofin da ake iya yi da miƙaƙƙen katako ba tare da wahala ta yi yawa ba. Ba ta da gaba, ba ta da baya. Mutanen da suka zauna a cikinta kowa yana ganin fuskar kowa, babu wanda ya zauna a ƙurya. Kuma duk inda ka waiwaya akwai abin kallo, wanda shi ne asalin dalilin gina irin waɗannan rumfuna: a zauna a hangi lambu. Shi ya sa siffar take ta maimaituwa a wurare masu nisa da juna. A Fadar Bazara ta birnin Bejin akwai doguwar baranda mai tsawon mita 728, da rumfuna huɗu masu kusurwa takwas a jikinta. A ƙarni na 18 masu hali a Ingila suka shiga yayin gina ƙananan rumfunan lambu da salon ginin Sin. George Washington, shugaban Amurka na farko, shi ma ya mallaki ɗan gini mai kusurwa takwas a lambun gidansa na Mount Vernon. A ƙarni na 19 kuwa aka ƙara mata girma, aka ɗaga daɓenta, aka kafa ta a lambunan jama'a don makaɗan badujala su tsaya a ciki, rufin yana turo sautin waje ga masu sauraro.

Girman kuwa daga tebur na faro lissafinsa. Zagayayyen tebur mai faɗin mita 1.2, da kimanin santimita 90 a kowane gefe don a ja kujera a tashi, ya ci mita 3. Muka ƙara sarari, muka tsaya a mita 3.6 daga gefe zuwa gefen da ke kallonsa. Wannan yana ba da daɓe mai faɗin murabba'in mita 10.7, ƙasa da abin da mai kusurwa huɗu za ta bayar a faɗi ɗaya, wato kusan 13. Mutum shida zuwa takwas suna zama ba tare da gwiwa ta taɓa gwiwa ba.

Zana ta a ƙasa shi ne aikin da na fi jin daɗi. Ba a fara da takwas, da huɗu ake farawa. Muka kafa turaku, muka ja igiya, muka yi murabba'i mai mita 3.6. Don tabbatar da kusurwoyin sun miƙe muka yi tsohuwar dabarar magina: auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu dole ya zama 5. Sannan muka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke tsallake, duka biyun suka ba da mita 5.09. Daga nan sai a auna mita 1.05 daga kowace kusurwa zuwa dama da hagu, a kafa turke. Turaku takwas ke nan, tsakanin kowane biyu mita 1.49. Baba ya tsaya can nesa ya ƙanƙance ido ya ce turken arewa ya ɗan fita. Na ce tef ya ce daidai ne. Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sake aunawa." Da muka ja tef daga kowane turke zuwa abokinsa na tsallake, uku suka ba da mita 3.9, na huɗun ya ɗara da yatsa biyu. Yaron aikinsa ne ya taka igiya turken ya gota.

A wajen harsashi ne na dage, shi ma magini ya dage. Shi yana son a binne gindin kowane ginshiƙi a cikin kankare, domin haka ya saba, kuma ba ƙarya ba ne, rumfar da aka yi wa haka tana tsayuwa ƙyam tun ranar farko. Matsalar tana zuwa ne bayan shekaru. Katako yana bushewa ya tsuke, sai 'yar tsaga ta buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwa ya shiga ya kwanta, ginshiƙin ya ruɓe daga daidai bakin ƙasa inda ba ka gani. Hanyar da muka bi ita ce ta takalmin ƙarfe: a zuba kankare a rami, a dasa dogon noti a ciki tun yana ɗanye, a ɗaura wani mazaunin ƙarfe da ke ɗaga gindin katakon sama da daɓe kimanin santimita 2.5. Ruwa ya wuce ta ƙasa, iska ta busar, gara kuma idan ta gina hanyarta za ka gan ta a fili. Kuma ranar da ginshiƙi ɗaya ya lalace, kwance noti za a yi a sauya shi, ba fasa daɓe ba.

Ramukanmu zurfin santimita 60 ne, faɗin 40, saboda ƙasar wurin mai tauri ce. A ƙasashe masu tsananin sanyi ba a isa a tsaya nan ba, sai an haƙa har ƙasa da inda ƙasa ke daskarewa, wani wurin fiye da mita ɗaya, in ba haka ba ƙanƙara ta tura ginshiƙin sama. Kwaɓin kuwa awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Nauyin waɗannan dunƙulen kankare takwas shi ne amsar da muka ba iska. Daɓen ma aka ɗan karkata shi, kimanin santimita 1 a kowace mita, don ruwan da iska ta watso ya gangara waje. Sai jira. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi, shi ya sa ake lulluɓe shi da buhu ana yayyafa masa ruwa. A kwana 7 yana kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi kuwa na kwana 28 ne. Mun bar shi ya yi mako kafin a ɗora masa komai.

Ana cikin jiran muka zaɓi katako. Mun ɗauki wanda aka dura wa maganin ƙwari da ruɓa a masana'anta, mai ɗan launin kore-kore saboda sinadarin tagulla da ke cikinsa. Baba ya riƙa ɗaga kowane ɗaya yana leƙa tsawonsa da ido ɗaya, wanda ya murɗe ya ajiye gefe. Irin wannan katakon yana da sharuɗɗa. Sinadarin nan yana cin ƙusa ta baƙin ƙarfe, don haka duk ƙusa da noti sai masu rufin tutiya mai kauri ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk inda zarto ya yanka sai an shafa magani a bakin yankan, domin maganin masana'anta ba ya kai wa tsakiya sosai. Mai yanka ya rufe hanci. Guntayen da suka rage kuma ba a ƙona su, hayaƙinsu da tokarsu guba ne.

Ginshiƙan masu kaurin santimita 10 ne a kowace fuska, tsawon mita 2.4. Ana tsayar da kowane, a duba miƙewarsa ta fuska biyu, a tokare shi da katakan wucin gadi. Kafin a yanke kawunansu, Baba ya ciro wani siririn tiyo mai garai-garai ya cika shi da ruwa. Yaronsa ya riƙe baki ɗaya a ginshiƙin farko, shi ya zagaya da ɗayan bakin yana yin alama inda ruwan ya tsaya a kowane ginshiƙi. Ruwa ba ya ƙarya, duk inda ya tsaya a baki biyun tsayi ɗaya ne. Daga wannan alamar aka auna sama aka yanke, sai kawuna takwas suka zo lebur duk da daɓen a karkace yake. Aka ɗora zoben katako a kansu, wato guda takwas ɗin nan masu yankan digiri 22.5, aka ɗaure da faranti na ƙarfe a kowace mahaɗa.

Na kama ginshiƙi ɗaya na girgiza. Duk ginin ya yi rawa. Na dubi Baba.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Yallaɓai, ba a sa mata matokarai ba tukuna."

Matokaran gajerun katakai ne da ake kafawa a gicciye, digiri 45, tsakanin ginshiƙi da zobe, biyu a kowane ginshiƙi. Yawancin mutane ado suke ɗaukar su, har wasu kan ce a cire su don suna tare kallo. Ba ado ba ne. Takalmin ƙarfe yana hana ginshiƙi tashi, amma ba ya hana shi lanƙwasawa gefe, kuma babu bangon da zai riƙe shi. Siffa mai kusurwa huɗu tana iya gocewa, mai kusurwa uku ba ta gocewa, kuma matokari ne ke samar da ita. Da aka gama ɗaura su na sake girgizawa, sai ni ne na motsa.

Rufin ne ya ci lokaci fiye da duk sauran aikin a haɗe. Rafta takwas, wato katakan da ke ɗauke da rufin, su ne ke tashi daga kusurwoyi su haɗu a tsakiya, kuma ba yadda za a yi bakuna takwas su haɗu a wuri ɗaya sai da abin da za su jingina. Don haka Baba ya sassaƙa wani guntun gungume mai fuska takwas, ita ce cibiyar rufin. Aka ɗaura rafta biyu masu kallon juna a jikinta tun a ƙasa, aka ɗaga su tare aka ɗora, sannan biyu na gicciye, sannan sauran. Abin mamaki ga wanda bai saba ba shi ne cibiyar nan babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, a sama take rataye. Raftocin ne ke turo ta daga kowane gefe, ƙafafunsu kuma suna tura zobe waje, zoben yana riƙe su. Idan mahaɗar zobe ɗaya ta saki, rufin zai baje ya zauna. Nan na gane dalilin da ya sa dattijon bai yarda da ƙusa kaɗai a waɗannan mahaɗan ba.

Mun ba rufin gangare na digiri 30, wanda ya ɗaga tsininsa kimanin mita ɗaya sama da zobe, muka kuma bar masa baki ya fito santimita 40 don ya kare ginshiƙan daga ruwa. Kowace rafta aka ɗaure ta da zobe da maɗaurin ƙarfe, zoben aka ɗaure da ginshiƙi, ginshiƙi da takalmi, takalmi da kankare. Sarƙa ce daga tsini har ƙasa, kuma iska ba ta neman komai sai inda sarƙar ta yi rauni. Ƙusar da aka buga daga sama zuwa ƙasa ba ta cikin lissafi, domin hanyar da ta shiga ita ce hanyar da iska za ta zare ta.

Abin rufawa kuwa kowanne da halinsa. Ciyawa ta fi sanyi da kyau, amma tana son gangare mai tsayi, tana tsoron wuta, kuma sai an riƙa sabunta ta. Roba mai garai-garai tana shigo da haske, ta shigo da zafi tare da shi. Yadi ba ya daɗewa a rana. Mun zaɓi kwano, kuma a nan maganar Baba ta farko ta tabbata: kowace fuskar rufin mai kusurwa uku ce, kwano kuwa miƙaƙƙe ake sayar da shi, don haka tarin guntayen da suka rage ya ba ni tausayin aljihuna. Kwano tsirara yana zafi da rana, yana kuma hana jin magana idan ana ruwa, shi ya sa muka fara shimfiɗa allunan katako a kan raftocin kafin a ɗora shi. Daga ciki katako kake gani. A tsinin kuma muka bar kafa, muka ɗora mata 'yar hular rufi. Iska mai zafi sama take tashi, idan ba ta sami mafita ba sai ta taru a ƙarƙashin rufin ta dawo kanka. Wannan 'yar hular da ake gani a kan rumfunan lambu aikinta ke nan.

Ruwan da rufin ke tarawa ya fi yadda nake zato. Da bakinsa, yana rufe fili mai murabba'in mita 16. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato ruwan milimita 10 kawai zai zubo da lita 160 a kewayen daɓen. Muka haƙa 'yar lamba a daidai inda yake ɗiga muka cika ta da tsakuwa, don kada ya haƙe ƙasa ya kuma fantsamo laka ciki.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Shingen katako mai tsayin santimita 90 a gefe biyar, uku a buɗe don shiga da fita. Na so a kewaye cikin da benci, uwargida ta ce a'a, a yi a gefe uku kawai, saura a bar wa kujerun da za a iya ja a bi inuwa. Tsayin bencin santimita 45. Mai aikin lantarki ya binne waya a cikin bututu, ya sa soket mai murfi da na'urar da ke katse wuta idan ta fara yoyo, wanda wajibi ne ga duk wutar da ke waje inda ruwa ke taɓawa. Fitilar ba a tsakiya muka rataye ta ba, a jikin ginshiƙi muka sa ta daga waje, mai haske rawaya-rawaya, don ƙwarin da ke bin haske su yi taronsu can ba a kan teburi ba.

Amfanin da muke yi da ita bai bi tsarin da na yi a kaina ba. Na gina ta don karatu da yamma, sai ga shi yara ne suka mamaye ta da aikin makaranta da wasa, ni kuma rabona ya koma sanyin safiya. Baƙon da ya zo don 'yar gajeriyar magana a nan muke zama, ba sai an gyara falo ba. Wanda ke da kiran waya mai tsawo nan yake fita. Wani abokina da ya gani ya ce shi wurin aiki zai mayar da tasa, da kwamfuta da fanka. A wasu ƙasashe a cikin irinta ango da amarya ke tsayawa ranar biki, wasu suna rufa ta a kan kwamin wanka na ruwan zafi, asibitoci da makarantu suna kafa ta don masu jira, masu gonaki kuma don hutun ma'aikata. Abu ɗaya da na hana a tawa shi ne kunna gawayi ko janareta a ciki, musamman idan an saki labule. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Ga kuma rufin katako a sama.

Ba kuma zan ɓoye gazawarta ba. Ruwan da ke zuwa da iska yana jiƙa rabin daɓen, duk abin da ba ya son ruwa sai an kwashe. Ƙura tana shiga ta kowane gefe. Gizo-gizo da rina sun ɗauki ƙarƙashin rufin gidan haya, tsuntsaye kuma suna barin shaidarsu a kan shinge. Wanda yake son wurin da zai bar littattafai da katifa, ɗaki yake so, ya gina ɗaki.

Bayan wasu watanni Baba ya dawo da sifanarsa ba tare da na kira shi ba. Ya ce katako ya gama bushewa yanzu, ya tsuke, notin duk sun yi sako-sako. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuwa sai da ya karɓi murɗi. Ya ce in riƙa yin haka duk shekara kafin lokacin iska, in leƙa ƙasan takalman ko gara ta fara gini, in kuma watsa wa katakon ruwa in gani: idan ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo man da aka shafa yana nan, idan ya shige ciki lokacin sake shafawa ya yi. Abin da ya rage mana shi ne ragar sauro. Ni ina son mai naɗewa da za a saki da magariba, shi kuma yana son ya yi mata firam ya kafe ta a gefe biyar ɗin da ke da shinge. Na ce masa kafaffiyar raga za ta rage iska, ya ce sauro ma iskar yake bi. Ya ɗauki awon gefen ya tafi, ya ce zai kawo samfuri ɗaya mu gwada a gefen yamma.